Ƙidayar Karta Ba Sana'a Ba Ce

Akwai wata magana da wayar hannu ta kawo mana, ta shiga bakin samari a Jega da Aliero da Maiyama, wadda ya kamata a tare ta tun ba ta yi jijiya ba. Maganar kuwa ita ce wai caca iri biyu ce. Wai akwai ta jahilai, masu zuba kuɗi su jira sa'a, akwai kuma ta masu ilmi, waɗanda suka koyi ƙidayar karta, suna cin gidan caca da lissafi. Wai wanda ya iya wannan ƙidaya ya fita daga sahun 'yan caca, ya zama mai sana'a kamar tela ko maƙeri. Har akwai masu tallar abin a intanet, suna cewa a biya su su koyar da shi cikin 'yan kwanaki.

Ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ku yi hattara, gama da ku aka ɗana wannan tarko. Sa'ad da mutum bai iya karatu ba, da laya da guru ake yaudararsa, a ce masa in ya ɗaura ba mai cinsa. Yanzu da ya iya haɗa baƙi, ya iya tarawa da ɗebewa, sai mayaudara suka sake salo, suka zo masa ta ƙofar lissafi, domin sun san yana alfahari da shi. To, tun da ta lissafi suka zo, ta lissafi za mu tarye su. Ba za mu ce muku ƙidayar karta ƙarya ce ba, gama akwai gaskiya a cikinta. Za mu shimfiɗa muku ita duka, da asalinta, da yadda ake yinta, da yawan ribarta, da sharuɗɗanta, sa'an nan kowa ya ɗauki alƙalaminsa ya duba ko akwai rabonsa a ciki.

Yadda wasan yake

Wasan da ake magana a kansa sunansa ashirin da ɗaya, Turawa kuwa suna ce masa blakjak. A manyan gidajen caca ake yinsa, irin na birnin Las Vegas a Amurka. Ƙunshin karta ɗaya ƙwaya 52 ne. Masu lamba 2 zuwa 10, kowacce darajarta ita ce lambarta. Masu hoto, watau sarki da sarauniya da bara, kowacce 10 ce. Mai harafin A kuwa, in ka so ka lasafta ta 1, in ka so 11.

Masu wasa ba da junansu suke karawa ba. Kowa da mai rabo yake karawa, shi kuwa ma'aikacin gidan ne. Za a ba ka ƙwaya 2, sa'an nan ko ka nemi ƙari ko ka tsaya. Abin nema shi ne jimlarka ta fi ta mai rabo, amma kada ta haura 21. In ta haura, ka ƙone, kuɗinka sun tafi. Mai rabo ba shi da zaɓi, tilas ya yi ta jan karta har ya kai 17 ko fiye.

Wanda ya ji wannan sai ya ce ai wasan adalci ne. To, ga inda gizo ke saƙa: kai ne ke fara ja. In ka ƙone, nan take za a kwashe kuɗinka, ko da shi ma mai rabon ya ƙone daga baya. Watau in kun ƙone ku biyu, gida ne ya ci. Saboda haka a cikin hannu 100, mai wasa yakan ci wajen 42 ko 43, a cinye shi wajen 48 ko 49, sauran a yi kunnen doki.

A shekarar 1956 waɗansu sojojin Amurka su 4, masu ilmin lissafi, suka fid da jadawali mai nuna abin da ya fi dacewa mutum ya yi da kowane hannu, ko ja ko tsayawa ko ninka zubi. Wanda ya haddace irin wannan jadawali, bai kuskure ko sau ɗaya ba, kuma ya sami tebur mai dokoki masu sauƙi, har yanzu gida na cin wajen kwabo 50 a cikin kowace naira 100 da ya zuba. Wanda bai haddace ba, asararsa takan ninka haka sau da yawa. Ka ga ke nan gwanin ma asara yake yi, sai dai tasa a hankali take tafiya.

Asalin ƙidayar

Wanda ya bayyana wa duniya ƙidayar karta wani malamin lissafi ne Ba'amurke, sunansa Edward Thorp, yana koyarwa a babbar makarantar fasaha ta MIT. Abin da ya lura da shi abu ne da kowane ɗan kasuwar albasa zai gane. In aka gauraya manyan albasa da ƙanana a buhu guda, kana tsaye kana kallo ana ta fid da ƙanana, ai ba sai an faɗa maka ba, ka san manya sun fi yawa a abin da ya rage. Haka karta take. Wadda ta fita ba ta komawa sai an sake cakuɗawa. Wanda ya riƙe abin da ya fita, ya san irin abin da ya saura.

Thorp ya sa wata babbar kwamfuta ta wancan zamani, IBM 704, ta yi masa lissafi, ya tabbatar cewa in manyan karta suka yi yawa a ragowar, mai wasa ne ke da rinjaye. Dalili kuwa shi ne in ka sami A da mai daraja 10 tun a rabon farko, gida zai biya ka naira 150 a kan 100, alhali in mai rabo ne ya samu, 100 ɗinka kaɗai zai ɗauka. Kuma tun da tilas ne mai rabo ya ja in yana da 12 zuwa 16, manyan karta sukan ƙone shi. A 1961 waɗansu attajirai suka ba Thorp jarin dala 10,000, ya tafi jihar Nevada ya gwada, ya ciwo dala 11,000 cikin 'yan kwanaki. A 1962 ya buga littafi a kan abin.

Hanyar da aka fi koya wa masu farawa a yau wani injiniya ne mai suna Harvey Dubner ya fito da ita a 1963. Ga yadda take. Ka fara da sifiri a zuciyarka. Duk sa'ad da ƙaramar karta ta fito, daga 2 zuwa 6, ka ƙara 1. Duk sa'ad da babba ta fito, watau 10 ko mai hoto ko A, ka ɗebe 1. In 7 ko 8 ko 9 ce, ka bar lissafinka yadda yake. Ƙananan ƙwaya 20 ne, manyan 20, na tsakiya 12, jimla 52, saboda haka in ka ƙirga ƙunshi duka daidai, a sifiri za ka ƙare. Amma gidajen caca sukan haɗa ƙunshi 6 ko 8 su raba, watau ƙwaya 312 ko 416. Don haka sai ka ƙiyasta da ido ƙunshi nawa ya rage, ka raba lissafinka da shi. In kana da 8, ƙunshi 4 ya rage, lissafinka na gaskiya 2 ne. A wajen 1 kai da gida kun yi daidai. Daga 2 zuwa sama ka fara rinjaye kaɗan. Dabarar duka ita ce ka zuba kaɗan sa'ad da lissafi ke ƙasa, ka ninka zubinka sau 8 ko fiye sa'ad da ya hau.

Ga shi nan, kun samu kyauta abin da ake sayarwa. A takarda yaro ma ya iya. Amma a gaban tebur sai an yi shi a ka, ba takarda ba alƙalami, cikin kiɗa da hayaniya, mai rabo yana ta watsa karta da sauri, kai kuma kana hira kana dariya don kada a gane ka. Masu koyarwa sukan ce kada mutum ya doshi tebur sai ya iya ƙirga ƙunshi guda cikin daƙiƙa 30 ba kuskure. Kuma lura da kyau: ƙidaya ba ta gaya maka wace karta ce za ta fito. Iyakarta ta ce maka yanzu manya sun ɗan fi yawa.

Ribar nawa ce?

Nan ne masu talla sukan yi sauri su wuce, mu kuwa nan za mu zauna. Gwanin ƙidaya, a tebur mai kyau, ribarsa wajen naira 1 ce a cikin kowace naira 100 da ya zuba. Mu yi misali. A ce tsaka-tsakin zubinsa naira 5,000 ne, yana buga hannu 80 a awa. Kuɗin da suka ratsa ta hannunsa a awa guda naira 400,000 ke nan, ribar da lissafi ya yi masa alkawari kuwa naira 4,000. Amma a cikin wannan awa ɗaya, ba abin mamaki ba ne ya tashi da cin naira 50,000, ko da asarar naira 50,000. Hawa da saukar sun ninka ribar fiye da sau 12. Kamar mutum ne ya shiga Gulbin Zamfara da damina yana neman allura.

Masu lissafi sun ce sai an daɗe ana bugawa kafin ribar ta bayyana. Har yaushe? Ko da an sassauta lissafin, bayan hannu 13,000, watau fiye da awa 160 a gaban tebur ba kuskure ko ɗaya, a cikin gwanaye 6 akwai 1 da har yanzu asara yake ciki. Saboda haka ne masu wannan aiki ke cewa mutum yana bukatar jarin da ya ninka ƙaramin zubinsa sau ɗaruruwa, waɗansu ma suka ce sau 1,000. In ƙaramin zubin tebur naira 2,000 ne, ana maganar naira 2,000,000 ke nan, kuɗin da in sun salwanta ba za a kwana da yunwa a gidanka ba. Wanda ya shiga da kuɗin buhu 3 na albasa, guguwar farko za ta yi awon gaba da shi, ko da ƙidayarsa ta fi ta Thorp.

Ɗaliban MIT da suka shahara da wannan abu, har aka yi fim a kansu a 2008, ba da kuɗin cefane suka shiga ba. A 1980 sun fara da jarin dala 89,000, suna aiki ƙungiya guda, da masu zuba jari a bayansu, da jarrabawa mai tsanani kafin a bar mutum ya taɓa kuɗin. Shi kansa Thorp bai zauna a caca ba. Kafin 1970 ya riga ya koma kasuwar hannun jari, can ya yi arzikinsa.

To, a yi wa mai sayar da darasin ƙidaya tambaya guda: in abin yana kawo dukiya kamar yadda kake faɗa, me ya zaunar da kai kana jiran 'yan kuɗinmu na koyo? Ruwa ba ya tsami banza.

Mai gida ba barci yake yi ba

Ko ka sami jarin, ka iya ƙidayar, saura mai gida. Wanda ya gina gidan caca bai gina don ya raba dukiyarsa ba. A 1964 gidajen Las Vegas suka tsorata da littafin Thorp, suka sauya dokokin wasan. Mutane suka ƙaurace, sai suka mai da dokokin, suka nemi waɗansu dabaru. Suka ƙara yawan ƙunshi. Suka umurci mai rabo ya sake cakuɗawa tun da sauran karta da yawa, ko kuwa da zarar ya ga wani ya ɗaga zubinsa. Suka kafa kyamara bisa kowane tebur, suka sa ma'aikatan da su ma sun iya ƙidaya suna duban masu wasa. Daga baya aka ƙero injin da ke mai da karta cikin ƙunshi bayan kowane hannu, wanda ya kashe ƙidaya ɗungum. Tebura da yawa kuma suka rage biyan nan na naira 150 zuwa 120, ragin da shi kaɗai ya isa ya cinye ribar mai ƙidaya duka.

Ƙidaya da ka ba laifi ba ce a dokar Amurka, amma a Nevada mai gida yana da ikon ya kore ka ya hana ka komowa, kuma tun 1985 yin ƙidaya da na'ura laifi ne a can. A 1982 wani gwani mai suna Ken Uston ya yi nasara a babbar kotun jihar New Jersey, aka ce gidajen Atlantic City ba su da ikon korarsa. Sai suka bar shi ya zauna, suka yi ta cakuɗa karta a gabansa.

Abin da zai ba ka mamaki, littafin Thorp bai karya gidajen caca ba, arziki ya ƙara musu. Dubban mutane suka ji an ce ana iya cin wasan, suka yi ɗan karatu sama-sama, suka tuɗaɗo da kuɗinsu, har blakjak ya zama wasan tebur da aka fi yi a gidajen cacar Amurka. Kowane gwani ɗaya da ya ci, akwai taro a bayansa da suka zaci sun iya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Cacar da ke gabanmu

Yanzu mu komo gida. Duk abin da muka faɗa yana bukatar tebur na gaske, da karta ta gaske wadda ba a cakuɗa ta sai ta yi nisa, da mai rabo mai bin doka. Ina wannan tebur yake a Jega? Ina yake a Mungadi ko Sabiyel? Irinsa a Nijeriya sai a waɗansu manyan otal-otal na Legas da Abuja. Abin da saurayinmu zai iya kaiwa gare shi iri uku ne, kuma ba ɗaya da ƙidaya ke yi wa aiki.

Na farko, blakjak na cikin waya. A mafi yawansa kwamfuta ce ke rabo, tana sake cakuɗa ƙunshi duka bayan kowane hannu. Buhun albasar nan da muka yi misali da shi, kowane lokaci ana mai da abin da aka fitar. Me za ka ƙirga? Inda kuma ake nuna mutum yana rabo ta kyamara, akan haɗa ƙunshi 8, a sake cakuɗawa tun ana wajen rabi.

Na biyu, cacar ƙwallo, wadda ita ce ta fi cin samarinmu. A ce abu biyu ne daidai wa daida, ko wannan ko wancan. Kai ka zuba naira 100 a ɗaya, wani ya zuba 100 a ɗayan. Da adalci ne, wanda ya ci 200 zai karɓa. Sai gida ya biya 190, ya riƙe 10. Wa ya ci wa ya faɗi, duk ɗaya ne a wurinsa. In kuwa ka jera wasa 10 a tikiti guda don kwaɗayin babban ci, wannan ɗan yanka yana hauhawa sau 10, har gida ya riƙe wajen naira 40 a cikin kowace 100. Damar ka dace da duka 10 kuwa 1 ce a cikin 1,024.

Na uku, kartar bayan tasha da gindin bishiya, inda mai wuri ke cire la'ada. A ce mutum 5 ne, kowa ya zo da naira 10,000, jimla 50,000. Kowane zagaye kowa ya zuba 1,000, mai wuri ya cire 500. Bayan zagaye 50, naira 25,000 na aljihunsa, watau rabin kuɗin da aka zo da su, shi kuwa bai taɓa karta ba. Wannan fa in ba a yi maguɗi ba ke nan. Amma 'yan wala-wala na kasuwa, waɗanda ke juya ƙwaya 3 su ce ka nuna ɗaya, sauri ne na hannu, kuma waɗanda kake gani suna ci a gefenka mutanensu ne. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

To, mene ne amfanin labarin ƙidaya a wurinmu? Amfaninsa ɗaya ne, kuma ga masu gidajen caca yake zuwa. Yana cire wa mutum kunya. Wanda da yake ɓoyewa in zai yi caca, yanzu sai ya ce nazari yake yi. In an cinye shi, ba zai ce caca ta cuce shi ba, sai ya ce bai gama ƙwarewa ba, ya sake zubawa.

Amsa ga masu gardama

Wani zai ce ai noma ma caca ne. Manomin albasa a Aliero yakan zuba kuɗinsa a iri da taki da man ban-ruwa, bai san ko ciwo zai kama ta ba, bai san farashin da zai tarar ba. Manoman shinkafa na Kebbi sun ga yadda ambaliyar 2020 ta shafe gonaki. Mene ne bambanci?

Bambancin babba ne. Noma yana haifar da abin da babu shi a da. Ɗan irin da bai cika tafin hannu ba ya zama buhuna, manomi ya samu, ɗan ƙwadago ya samu, dillali da ɗan dako da direban da zai kai ta Legas ko Anacha duk su samu, mai miya a can ta sami albasarta. Tun ƙarni na 19 kasuwar Jega ta yi suna, fatake masu zuwa Gwanja neman goro suna yada zango a cikinta, kuma abin da ya raya ta shi ne mai saye da mai sayarwa duk suna iya komawa gida da murna. A caca kuwa ko ƙwayar gero ba a ƙara wa duniya ba. Abin da ka ci, daga aljihun ɗan'uwanka ya fito, bayan mai gida ya yanki nasa. Kuma manomi in ya jure shekara 10, masu kyau sukan rufe marasa kyau. Ɗan caca kuwa, gwargwadon daɗewarsa gwargwadon tabbatar asararsa. Manomin da ruwa ya ci gonarsa yana da gonar, yana da mutunci, gobe za a ba shi bashin taki. Wa ke ba ɗan caca bashi in ya san halinsa?

Wani kuma zai ce na san wanda ya ci, har ya sayi babur. Gaskiya ne, a cikin 1,024 ai akwai 1. Shi ake nunawa, shi ake yayatawa. Sauran 1,023 kowa ya yaga tikitinsa ya tafi gida shiru. Kuma ka bi wanda ya ci ɗin bayan shekara guda ka tambayi babur.

Wani zai ce kuɗina ne, ina ruwan wani? Kuɗin da magidanci ya karɓo ranar da ya sayar da amfanin gonarsa suna da masu su tun kafin su shiga aljihu: hatsin shekara, da suturar iyali, da kuɗin makaranta, da maganin tsohuwa, da bashin taki, da irin baɗi. Caca kuwa ba ta tsayawa inda mutum ya ce za ta tsaya. Wanda aka ci yakan ninka don ya fanshe, a sake cinsa, ya sayar da akuya, ya jinginar da waya, ya taɓa kuɗin ajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, a babi ɗaya da jarabar kayan maye. Cutar da ke hana yara abinci kuwa ta wuce a ce da ita ruwan mutum ɗaya.

Ga kuma doka da addini. Alƙur'ani mai girma ya ambaci caca tare da giya a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, ya hana su, bai ware wa mai iya lissafi ba. Dokar laifuffuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960 ta hana buɗe gidan caca, Jihar Kebbi kuma ta kama aiki da shari'ar Musulunci a 2000. A watan Oktoba na 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo, a watan Nuwamba na wannan shekara kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara al'amarin caca haƙƙin jihohi ne. Saboda haka hukumar jiha ba ta da sauran uzurin cewa hannunta a ɗaure yake. Amma fa a sani, hukuma tana iya rufe shago, ba ta iya shiga aljihun kowa ta rufe waya. Wannan ƙofa sai mai ita.

Inda ya kamata lissafi ya tafi

Kada wani ya fahimci cewa muna hana lissafi. Wanda zai iya riƙe ƙidayar ƙwaya 312 a kansa yana da baiwa, abin baƙin ciki ne ta ƙare a karta. Ga ƙidayar da ke biya. A ce kana da buhu 100 na albasa lokacin cira, ana sayen buhu naira 20,000, jimla 2,000,000. Kana so ka ajiye har ta yi tsada. In ka san daga littafinka na bara cewa buhu 30 sukan ruɓe ko su ƙafe, saura 70. Raba 2,000,000 da 70, ka sami wajen 28,600. In farashi bai wuce haka ba, ajiyarka asara ce, ko da ka ga kamar ka sayar da tsada. In ya kai 40,000, ka sami 2,800,000. In kuwa ka gyara wurin ajiya, iska tana ratsawa, ruɓa ta sauko buhu 20, ka ƙara 400,000 a kai. A wannan lissafi ba mai korarka don ka ƙware, ba kuma mai cakuɗa maka buhuna. Haka adashe: abin da ka zuba shi za ka kwasa, sai ɗan abin da aka yarda a ba uwar adashe.

Saboda haka muna kira ga malaman ajin manya, su sa waɗannan misalai a allo, ɗalibai su buga da hannunsu su gani, gama abin da mutum ya lasafta da kansa ba ya mantawa. Muna kira ga ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, waɗanda suka fi mu zurfi a lissafi, su bayyana wa ƙannensu gaskiyar abin, kada su zama su ne masu kai musu tallarsa. Muna kira ga hakimai da dagatai da limamai da shugabannin kasuwa su sa ido a lokacin kaka da lokacin cirar albasa, sa'ad da kuɗi ke hannun samari. Iyaye kuma su tambayi 'ya'yansu abin da suke dannawa a waya har tsakar dare.

Kai kuma ɗan'uwa da ka sha wahala ka koyi karatu da girmanka, bayan ka taso daga gona ko kasuwa a gajiye, ka tuna dalilin da ya kai ka ajin. Ka je ne don kada a ƙara cutarka a mudu ko a takarda. In wani ya zo maka da labarin cin caca da ilmi, ka ba shi wuri ya zauna, ka ɗauko alƙalami, ka tambaye shi naira nawa ce ribar a cikin 100, jarin nawa ake bukata, kuma a wane tebur. In ya amsa da gaskiya, shi da kansa zai hana ka. Kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu arziki na halal, ya sa masa albarka, amin.